Sabunta Takardar Shaidar Ma'aikacin Agajin Gaggawa a Amurka: Matakan da Ake Bi Kafin 31 ga Maris

Duk wanda ya ci jarrabawar zama ma'aikacin agajin gaggawa a Amurka, wato EMT, irin mutanen da ke zuwa da motar asibiti idan aka buga lamba 911, ya san cewa takardar da aka danƙa masa tana da wa'adi. Shekara biyu take yi, daga nan sai mai ita ya nuna cewa iliminsa da hannunsa ba su yi tsatsa ba, in ba haka ba ta mutu. Hukumar da ke bayar da ita ita ce National Registry of Emergency Medical Technicians, wadda aka fi sani da NREMT. An kafa ta a 1970, hedikwatarta tana birnin Kolumbus na jihar Ohayo, kuma ƙungiya ce mai zaman kanta, ba sashen gwamnati ba. Wannan bayani na 'yan uwanmu ne mazauna can da suka shiga wannan aiki, da waɗanda suke riƙe da takardar a matsayin tsani zuwa karatun jinya ko na likitanci ko aikin kashe gobara.

A iya abin da na gani, ba ƙarancin ilimi ne ke kashe wa mutane takarda ba. Abin da ke kashe ta shi ne awoyin karatun sabuntawa da aka zuba a rukunin da bai dace ba, da satifiket ɗin da ya ɓata a cikin imel, da sa hannun da aka tsaya nema sai a makon ƙarshe. Saboda haka inda zan fi daɗewa shi ne wajen lissafi da ajiya, domin a nan ake tuntuɓe.

Mataki na farko: ka bambance takardu biyun da ke hannunka

Takardar NREMT shaida ce cewa ka kai mizanin ƙasa, amma ba ita ce ke ba ka izinin taɓa majinyaci ba. Izinin aiki lasisin jiha ne, kuma kowace jiha tana da ofishinta na kula da ayyukan agajin gaggawa, da nata wa'adin, da nata sharuɗɗan. Akwai jihohin da suka ɗaure lasisinsu da takardar ƙasa, ta yadda idan waccan ta mutu, wannan ma ya bi ta. Akwai waɗanda takardar ƙasa ta shiga ce kawai a wurinsu, bayan an shiga sai a ci gaba da bin tsarin jiha.

Bambancin ba ƙarami ba ne. A Teksas takardar jiha shekara huɗu take yi, kuma EMT da ya zaɓi sabuntawa ta hanyar ci gaba da karatu awa 72 ake nema daga gare shi, ko da yake jihar tana karɓar takardar ƙasa mai rai a matsayin wata hanya ta daban. A Kalifoniya shekara biyu ce, da awa 24 na karatu da takardar tabbatar da ƙwarewar hannu, kuma hukumomin yanki ne ke bayarwa. A Fulorida kuwa takardar tana ƙarewa ne ranar 1 ga Disamba na shekarun da suke rabuwa biyu daidai, kamar 2024 da 2026. Niyok, inda mutanenmu na Gana da Nijar da Najeriya suke da yawa a unguwar Bronx, ta daɗe da nata tsarin na jarrabawa da sabuntawa, shi ya sa za ka tarar da tsofaffin ma'aikata a can waɗanda ba su taɓa riƙe takardar ƙasa ba. Sojan ƙasa mai aikin ba da magani a fagen daga kuma, wanda lambar aikinsa 68W, wajibi ne takardarsa ta ƙasa ta kasance da rai.

Abin yi a nan shi ne ka buɗe shafin ofishin jiharka, ka rubuta ranar ƙarewar lasisinka a gefen ranar ƙarewar takardar ƙasa, sannan ka tambayi wurin aikinka ko suna da nasu ƙarin sharaɗin. Ko da jiharka ba ta tilasta ba, shawarata ita ce kada ka bari takardar ƙasa ta mutu. Ranar da ka ƙaura zuwa wata jiha, ita ce za ta sauƙaƙa maka neman sabon lasisi, kuma raya ta ya fi tono ta daga kabari sauƙi nesa ba kusa ba.

Mataki na biyu: ka san ranarka

Takardar EMT, da ta mai matakin gaba da shi wato AEMT, da ta faramedik, wanda shi ne matakin ƙoli, duk ranar 31 ga Maris suke ƙarewa. Ta mai matakin farko, EMR, ita ce ke ƙarewa ranar 30 ga Satumba. Zangon farko na wa'adin takardar ne kaɗai yake da ɗan ruɗani, domin tsawonsa ya danganta da watan da ka samu takardar. Wanda ya samu tsakanin Janairu da Yuni, tasa za ta ƙare a Maris na shekara biyu masu zuwa, wanda kuma ya samu tsakanin Yuli da Disamba, sai a Maris na shekara ta uku. Misali, wanda ya ci jarrabawa a Fabrairun 2024 wa'adinsa 31 ga Maris 2026 ne, abokinsa da ya ci a Agustan shekarar kuma sai 31 ga Maris 2027. Kada ka ɗauki ranar abokin ajinka ka ce taka ce. Ka shiga asusunka a shafin hukumar ka gani da idonka.

Ana buɗe ƙofar miƙa takardun sabuntawa tun daga 1 ga Oktoba na shekarar da ta gabaci wa'adin, wato wata shida cur. Karatun da za a lissafa maka kuma sai wanda ka yi a cikin zangon da kake ciki. Kwas ɗin da ka yi kafin zangon ya fara ya riga ya wuce.

Mataki na uku: karatu ko jarrabawa

Hanya biyu ce. Ko dai ka tara awoyin karatu, ko ka sake zama jarrabawar kwamfuta irin wadda ka ci tun farko. Jarrabawar ana yin ta ne ta hannun kamfanin Pearson VUE, tambayoyi 70 zuwa 120 a cikin awa biyu, kuma kwamfutar tana tsananta tambaya ko ta sassauta gwargwadon amsar da ka bayar. Ana iya zamanta a shekarar ƙarshe ta zangon, daga 1 ga Afrilu zuwa ranar wa'adi, amma dama ɗaya tak ake bayarwa a wannan hanya. Wanda ya faɗi, dole ya koma ya tara awoyin gaba ɗaya kafin 31 ga Maris. Don haka mai son wannan hanya ya yi ta da wuri, ya bar wa kansa watannin gyara, kada ya kai ta Maris. A 2024 kuɗin zama dala 104 ne. An kuma sake fasalin jarrabawar EMT a Afrilun 2025, inda aka tsara ta bisa yadda ake bin majinyaci, daga duba wurin da abin ya faru, zuwa binciken farko da na biyu, zuwa magani da ɗauka, saboda haka tsohon littafin bitar da ke kan kantarka ba lallai ya yi daidai da ita ba.

Jarrabawar ta dace da wanda bai daɗe da barin aji ba, ko ɗalibin da ke tsakiyar karatun faramedik. Ga sauran jama'a, hanyar karatu ta fi kwanciyar hankali, musamman da yake jihohi da wuraren aiki da yawa za su nemi awoyin ko da an ci jarrabawar.

Mataki na huɗu: awa 40 da yadda aka kasa su

Tsarin da ake bi sunansa National Continued Competency Program, a taƙaice NCCP. Ga EMT, jimillar awa 40 ce a zango guda, kuma an kasa ta uku: awa 20 kason ƙasa, awa 10 kason jiha ko yanki, awa 10 kason zaɓin kai. EMR awa 16 ake nema daga gare shi, AEMT awa 50, faramedik awa 60, dukkansu a kan wannan rabo na rabi da kwata da kwata.

Kason ƙasa shi ne mai tsauri, domin shi ma an sake kasa shi gida biyar, kuma kowane gida sai ya cika da kansa. A tsarin da ya fara aiki a 2025, EMT zai yi awa 4 a kan hanyar numfashi, awa 5 a kan zuciya, awa 3 a kan raunuka, awa 6 a kan cututtuka, da awa 2 a kan gudanar da aiki. Kashi goma cikin ɗari na wannan kaso, wato awa biyu, dole ya shafi yara. Tsarin 2016 da ya gabace shi awa ɗaya da rabi kacal ya ware wa numfashi, haka ma raunuka, ya ba gudanar da aiki awa 5, sannan ya tsattsage kowane gida zuwa ƙananan darussa na rabin awa da awa ɗaya. Sabon ya fi sakin mara, kuma a ganina ya gyara kuskure, domin ma'aikacin da ba zai iya buɗe hanyar numfashi ya hura wa mutum iska da jakar matsawa yadda ya kamata ba, babu wani ilimi nasa da zai amfani majinyacin bayan minti kaɗan.

Mutane da yawa suna kallon wannan kaso a matsayin maimaita abin da aka riga aka sani. Wanda ya daɗe a aikin ya san ba haka ba ne, domin abubuwan da aka koya mana a matsayin gaskiya tsantsa sun sha canjawa. Kafin 2010, a aikin farfaɗo da wanda zuciyarsa ta tsaya, wato CPR, ana fara buɗe hanyar numfashi ne da hura iska, sai ƙungiyar kula da lafiyar zuciya ta Amurka, American Heart Association, ta juya tsarin a wannan shekara, ta ce a fara da danna ƙirji. Yau ƙa'idar ita ce dannawa 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6 ga babba, da dannawa 30 a kan hurawa 2, kuma ƙungiyar tana fitar da babban bita duk shekara biyar. Ɗaurin tsayar da jini a hannu ko ƙafa, wanda a da ake cewa kada a kusance shi sai an rasa yadda za a yi, ya dawo sahun gaba bayan abin da likitocin soja suka gani a Iraƙi da Afganistan. Dogon allon da ake ɗaure duk wanda ya yi hatsari a kansa an rage amfani da shi ƙwarai. Iskar oksijin da a da ake buɗe wa kusan kowa a cike, yanzu sai an duba adadinta a jini tukuna. Maganin naloxone kuma, mai farfaɗo da wanda ƙwayoyi dangin heroin da fentanyl suka danne wa numfashi, ya shigo hannun EMT ne saboda annobar da ta addabi ƙasar. Wanda ya tsaya a kan abin da ya koya shekara goma sha biyar da suka wuce, da kyakkyawar niyya zai cutar da mutum.

Kason jiha ko yanki kuwa, idan jiharka ko ma'aikatarka ta fayyace darussan da take so, su za ka yi, kamar bitar ƙa'idojin aiki na yankin ko horo a kan sabuwar na'urar da aka sa a motoci. Idan ba ta fayyace ba, kowane karatu da aka amince da shi wanda ya shafi kula da majinyaci zai shiga. Kason zaɓin kai naka ne, muddin darasin ya shafi aikin. A nan nake ba ƙanne shawara su nufi inda suka fi rauni. Wanda gabansa ke faɗuwa idan aka ce mai naƙuda ce, ko jariri ne ba ya numfashi, nan ya kamata awoyinsa goma su tafi.

Abin da ke kama mutane shi ne jimilla ba ta wadatarwa. Rarar da ta yi yawa a wani gida na kason ƙasa za ta iya gangarawa zuwa kason jiha ko na zaɓin kai, amma ba za ta cike giɓin wani gida daban ba. Na ga wannan a ranar ƙaramar salla ta 2025, wadda ta faɗo Lahadi 30 ga Maris, kwana ɗaya kafin wa'adi. Wani ƙanena a wurin aiki ya tare ni a wurin ajiye motoci bayan an sauko daga idi, da babbar rigarsa da hularsa, ya miƙo mini waya. "Yaya, duba mini wannan abu, awa arba'in da uku gare ni amma ya ƙi wucewa." Da na duba sai na ga gida ɗaya a kason ƙasa yana da giɓin awa biyu, ya tara rararsa duk a kan zuciya. Ranar nan baƙi suna falo ana cin tuwon salla, shi yana ɗaki da kwamfuta a cinya yana kallon darasi a kan taron hatsari mai yawan majinyata. Ya tsira, amma da ƙyar. Azumi ya ci wani ɓangare na watan Maris a 2024 da 2025 da 2026, kuma wanda ke aikin awa goma sha biyu da ƙishirwa, ga tarawihi da dare, ba shi da sauran ƙarfin zama karatu. Hikima ita ce a gama kafin a ga wata.

Mataki na biyar: ka tabbata kwas ɗin karɓaɓɓe ne kafin ka biya

Karatu iri biyu ake karɓa kai tsaye: wanda ofishin agajin gaggawa na wata jiha ya amince da shi, da wanda hukumar tantance irin waɗannan kwasa-kwasai, CAPCE, ta sa wa hatimi. Kafin ka fitar da ko sisi, ka nemi lambar amincewar a jikin tallar kwas ɗin, ka kuma tabbata za ta fito a satifiket. Darussan kwaleji masu alaƙa da kula da majinyaci, kamar ilimin sassan jiki da yadda suke aiki, su ma ana lissafa su, haka nan sanannun kwasa-kwasan da ake bayar da kati a kansu, irin su BLS na farfaɗo da zuciya da numfashi, da PHTLS na raunuka, da AMLS na cututtuka.

A da akwai iyaka ga karatun intanet da mutum ke yi shi kaɗai ba tare da malami a gabansa ba. EMT bai isa ya wuce awa 24 da irinsa ba, bakwai a kason ƙasa, bakwai a na jiha, goma a na zaɓin kai. An ɗage wannan iyaka a lokacin cutar korona a 2020, shekarar da aka ma tura wa'adin Maris zuwa ƙarshen Yuni, sannan aka soke ta gaba ɗaya a 2022. Yanzu hukumar ƙasa za ta karɓi awa 40 ɗin duka daga intanet. Sai dai wasu jihohi suna nan da nasu sharaɗin na zama a aji, kuma ni kaina ban yarda mutum ya yi shekara biyu bai durƙusa gaban mutum-mutumin gwaji ya danna ƙirji har ya yi gumi ba. Katin CPR dai shekara biyu yake yi, kusan babu wurin aikin da zai bar ka ka hau mota ba tare da shi ba, kuma awoyinsa suna shiga gidan zuciya, ka ga jifa ɗaya tsuntsu biyu.

Akwai abubuwan da ba a lissafawa ko da sun ci maka lokaci. Aikin da kake yi a mota kullum ba karatu ba ne a wurinsu, haka aikin sa kai, da zama alƙalin jarrabawar hannu, da rakiyar ɗalibi a bakin aiki, da kwas na shugabanci ko na koyon dabarun koyarwa. Kwas ɗaya kuma ba a lissafa shi sau biyu a zango ɗaya.

Mataki na shida: ajiya

Wannan mataki shi ne mafi sauƙi, shi ne kuma aka fi sakaci da shi. Ranar da ka gama kwas, kafin ka kwanta, ka shigar da shi a kundin karatunka da ke asusun hukumar: sunan kwas, rana, yawan awoyi, wanda ya amince da shi, sannan ka ɗora hoton satifiket ɗin. Kwasa-kwasan CAPCE ana iya jawo su kai tsaye cikin kundin idan an rubuta lambar rajistarka daidai lokacin da ka yi rajistar kwas ɗin. Ka lura da yadda aka rubuta sunanka, domin mu masu Muhammad da Mohammed da Mahamadou a takardu daban-daban mun sha ganin bayanin da ya ƙi haɗuwa saboda harafi ɗaya. Sunan da ke asusunka ya zama shi ne a katin shaidarka, shi ne a kowane satifiket.

Shigarwa daban, rabawa daban. Bayan kwas ya shiga kundi, sai ka koma sashen sarrafa karatu ka raba awoyinsa zuwa gidajen da suka dace, kuma kwas ɗaya mai tsawo ana iya yanka shi zuwa gida biyu ko uku gwargwadon abin da aka koyar a cikinsa. Ni nakan fara cika kason ƙasa tukuna, abin da ya saura in zuba a sauran biyun. Horon da ake yi a tasha kuma, wanda sau da yawa takardar halarta kawai ake zagayawa da ita a sa hannu, ka ɗauki hotonta nan take, ka nemi satifiket a makon. Na taɓa rasa awa shida a haka, domin wanda ya koyar ya bar aiki, takardar kuma ba a san inda ta shiga ba.

Mataki na bakwai: tabbatar da ƙwarewa, da zaɓi tsakanin matsayi biyu

Lokacin miƙawa za a tambaye ka ko kana son matsayin mai aiki ko na wanda ba ya kan aiki, waɗanda a allo za ka ga an rubuta Active da Inactive. Mai son na farko dole asusunsa ya kasance a haɗe da wata ma'aikata, kuma jami'in horo na wurin ya tabbatar da cewa hannunsa yana nan daram. Ga AEMT da faramedik, likitan da ke kula da aikin ma'aikatar ne ke tabbatar da ƙwarewar. Haɗa asusu da ma'aikata buƙata ce da kai za ka tura, su kuma su amince, don haka idan ka canja wurin aiki a cikin zangon, ka duba ko har yanzu sunanka yana maƙale a tsohon wuri. Ka je wurin jami'in horo tun Nuwamba ko Disamba, ka tambaye shi yaushe yake gwajin hannu. A watan Maris mutum ɗaya ne da buƙatun mutane da dama a gabansa, kuma shi ma yana tafiya hutu.

Matsayi na biyu mutane suna gudunsa saboda sunansa, alhali ba mutuwar takarda ba ne. Wanda ke kansa ya cika awoyinsa kamar kowa, takardarsa tana da rai, abin da kawai ya rasa shi ne mai tabbatar da ƙwarewarsa. Ya dace da wanda ya koma makaranta, da mai jego, da wanda ciwo ya kwantar, da kuma wanda ya tafi gida Kano ko Damagaram ko Kumasi zai yi shekara yana jinyar mahaifi. Tunda ana karɓar karatun intanet duka, mutum zai iya raya takardarsa daga ko'ina. Idan ya dawo ya samu aiki, sai ya haɗa asusunsa da sabuwar ma'aikatar, a tabbatar da ƙwarewarsa, ya koma matsayin mai aiki.

Mataki na takwas: miƙawa da biya

Idan gidaje duk sun cika, sai ka buɗe takardar neman sabuntawa, ka amsa tambayoyin da ke cikinta, ciki har da ko an taɓa ɗaukar wani mataki na ladabtarwa a kan lasisinka, sannan ka yi shaidar cewa abin da ka rubuta gaskiya ne. Kada ka ɓoye komai a nan, domin ƙarya a wannan takarda dalili ce ta ƙwace shaidar, kuma labarin yana isa ofishin jiha. A 2024 kuɗin sabuntawar EMT dala 25 ne, na faramedik dala 32, kuma wasu ma'aikatu suna biya wa ma'aikatansu. Bayan ka biya, ka riƙa leƙawa har sai ka ga sabuwar ranar ƙarewa ta bayyana a asusunka, domin takardar da ke jiran amincewar jami'in horo ba ta kammala ba tukuna.

Idan wa'adi ya wuce

Akwai 'yar taga daga 1 zuwa 30 ga Afrilu, inda ake karɓar takardar da ta makara tare da tarar dala 50. Amma a fahimci iyakarta: rangwamen na miƙawa ne kawai, karatun kansa dole a ce an gama shi kafin ƙarshen 31 ga Maris. Wanda ya cike awoyinsa ranar 2 ga Afrilu bai shiga wannan taga ba.

Wanda ya wuce wannan, takardarsa ta mutu, kuma sai ya bi hanyar dawowa: awa 40 ɗin nan dai bisa tsarin NCCP, da sake cin jarrabawar kwamfuta, da cika sharaɗin gwajin hannu da jiha ta amince da shi. Wato karatun da ya guje wa yana nan yana jiransa, an kuma ɗora masa jarrabawa da kuɗinta. Idan jiharsa ko ma'aikatarsa tana cikin masu neman takardar ƙasa mai rai, za a sauke shi daga mota har sai ya gyara, kuma waɗannan makonni babu albashi a yawancin wurare.

Bayan an amince

Hukumar tana zaɓen wasu takardu ba tare da wani dalili ba ta bincika su, ta nemi a kawo shaidar kowace awa da aka rubuta. Saboda haka ka adana satifiket ɗinka aƙalla shekara uku bayan sabuntawa, kwafi a waya ko ma'ajiyar intanet, kwafi a takarda cikin fayil ɗaya. Ka sauke sabon katinka daga asusun, ka aika wa ofishin ma'aikata na wurin aikinka, ka kuma aika wa ofishin jiha idan jiharka tana sabunta lasisi da shi, domin sabunta takardar ƙasa ba ya sabunta lasisin jiha da kansa. Daga nan sai ka raba awa 40 na sabon zango a kan watanni 18 na farko, abin da bai wuce awa biyu da 'yan mintuna a wata ba, ka sa ƙararrawa a wayarka ranar 1 ga Oktoba ta shekarar da ta gabaci wa'adinka.